Motar Gawa Ba Ta Gudu

Ranar Asabar da hantsi motar ɗaukar gawa ta masallacin wani layi a Unguwar Kanawa ta kashe mutum. An kira ta ne ta je Rafin Guza ta ɗauko wani dattijo da ya cika. A gangaren da ke sauka wajen kwalbati birki ya ƙi, motar ta bar titi, ta bi ta kan Asabe mai tuyar awara, sannan ta tsaya a jikin katanga. Direban, Malam Suhaib, ya tsira da karayar ƙafa. Asabe ba ta kai asibiti ba. A ranar gawa biyu aka ɗauka a kafaɗa.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci. 'Yan sanda sun buɗe gaban motar sun tarar mastar birki, wato tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi in an taka, tsohuwa ce tukuf, yoyo take yi. Alhali kowa ya san ba a daɗe ba kwamitin masallaci ya sa aka nemo sabuwa a kasuwar kayan gyara ta Panteka da ƙyar da jiɓin goshi, don kayan tsohuwar Fijo sun yi wuya. Kowa kuma ya san hannun da aka danƙa wa: Malam Sanda, tsohon ma'aikacin ofishin safiyo, wanda tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai kwanciya a ƙarƙashin tsofaffin motoci a ƙofar gidansa, ba ya karɓar ko sisi. Sai aka ce ai magana ta fito fili: ya sayar da sabuwar, ya mayar da tsohuwar.

Abin mamaki, waɗanda ya fi gyara wa mota kyauta su suka fi saurin tunawa cewa dama can ba su yarda da shi ba. Wani ya ce mutumin da ba ya karɓar lada, to yana da inda yake fanshewa. Wani ya ce ya taɓa ganinsa da leda a hannu ya nufi titi. Da magariba 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, yara na bin motar da kallo, manya na kallon ƙasa.

* * *

Matarsa Hajiya Hansai ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Malamar dabbobi ce da ta yi ritaya. A ƙuruciyarta ta sha bin garken shanu daga wannan ruga zuwa waccan tana neman inda ciwon huhu ya faro, kuma a wurin makiyaya ta koyi cewa ƙasa tana riƙe abin da baki ke ɓoyewa. A unguwa in rago ya ɓata ita ake zuwa wa. In ta gano shi a bayan gidan wani, sai a ce sa'a ce. Ba ta taɓa musu ba.

Washegari ta kai wa Malam abinci ofishin 'yan sanda. Ta same shi zaune a kan benci, hularsa a gwiwa, ya tsufa cikin kwana ɗaya. Sufeton da ke riƙe da shari'ar ya gaya mata cewa in ba wani sabon abu ya ɓullo ba, cikin makon za a kai shi kotu, kuma laifin da ya shafi rai ba a wasa da shi. Ta tambayi mijinta ko an nuna masa mastar. Ya ce an nuna masa. Ta tambaye shi ko ya gane ta.

Ya daɗe yana juya cokali a cikin kwano.

"Hansai, ki bar maganar nan. Allah ya san gaskiya."

"Allah ya sani, Malam. Alƙali ne bai sani ba."

Ta san shi tun kafin gemunsa ya cika. Mutum ne da in ka ce fulogi ne ya mutu alhali kafireto ne, sai ya kwana yana maka bayani. Irin wannan mutum a ce masa ɓarawo ya yi shiru? Ta fito da tabbacin abu biyu: bai yi ba, kuma ya san wanda ya yi.

Motar tana ajiye a harabar ofishin, gabanta a lotse, murfin injin a ɗage. Ta tsaya kamar mai gyara mayafi. Notocin da ke ɗaure bututun birki a jikin mastar gefunansu lafiya lau, suna ƙyalli inda sifana ta kama kwanan nan. Ba a sa filaya ba, ba a sa kurfi da guduma ba. Aikin mai tsabta ne, na wanda yake da sifana daidai da kowane noti. Wannan bai yi mata daɗi ba, domin irin aikin Malam ke nan.

* * *

Rumfar da ake ajiye motar tana cikin harabar masallaci, daɓen ƙasa ne, rufin kwano. Ta je bayan azahar ta nemi izinin Liman Hassan. Ya ba ta, cikin irin tausayin da ake wa mace da aka ɗauka baƙin ciki ya taɓa mata kai.

Sawun ƙafa ba shi da amfani, duk unguwa ta tattake wurin. Ta tsuguna a inda gaban motar yake tsayawa. Ga tabon baƙin mai na shekara da shekaru, ya yi kauri kamar kwalta. Wannan ba laifi ba ne, tsohuwar mota ce. A gefensa, ɓangaren direba, akwai wani tabon daban, bai kai tafin hannu ba, ruwan ɗorawa, da danshinsa. Ta dangwala ta shinshina. Man birki.

Ta zauna a kan dugaduganta tana lissafi. Da a ce tun ranar da aka sayo sabuwar mastar wannan mai yoyon take jikin motar, da ƙasar ta sha mai ta ƙoshi, tabon ya kai faɗin faranti. Wannan yoyon kwana ɗaya ne. Ashe sabuwar ta zauna a motar har zuwa jajibirin haɗarin.

Daga nan idonta ya kama ɗigo, sai wani, sai wani, a jere kamar an zana, ba wajen babbar ƙofa ba, wajen ƙaramar ƙofar baya. Wani ya ɗauki abu mai ɗiga a hannu ya bi nan. A jikin ƙofar, wadda aka shafa wa koren fenti kafin azumi, fentin ya tattare ya yi yamushi a wurare huɗu, daidai girman yatsu. Man birki yana cin fenti. Duk matar da mijinta ke gyaran mota a gida ta san wannan daga ƙofar ɗakinta. Ta buɗe ƙofar bayan ta leƙa. Ruwan da aka yi ranar Juma'a da yamma ya wanke lungun tas. Lungun ba ya zuwa gidansu. Yana bi ta bayan wasu gidaje ne ya fita bakin titi inda ake hawa keke zuwa Rafin Guza.

Saura tambaya ɗaya. Harabar nan ba ta rabuwa da maza: masu alwala, masu jiran salla, masu jiran a yi magana su sa baki. Yaushe mutum zai cire masta ya ɗaura wata ba a gan shi ba? Tana maida takalmanta amsar ta zo mata. Ba a Juma'a a wannan masallacin. Ranar Juma'a da rana duk namijin da ke layin yana babban masallaci.

* * *

Da ta faɗa wa maƙwabta cewa musanya aka yi, sai ra'ayin unguwa ya rabu, ba don an yarda da ita ba, sai don an sami sabon abin taunawa. Wasu suka ce dama Suhaib ne, gudu gare shi, kuma makullin yana kwana a wurinsa. Wasu suka ce Sharhabil ne, bakaniken Rafin Guza, wanda aka gani a masallacin ranar Alhamis, kuma kowa ya san ya taɓa cewa Malam Sanda yana kashe wa masu sana'a kasuwa.

Ta fara da Suhaib. Malamin islamiyya ne, magidanci, don lada yake tuƙa motar. Ta same shi a gadon asibiti, ƙafa a rataye, ido ya faɗa. Ya ce tun a ƙofar masallaci da ya taka birki ya ji shi laushi kamar ya taka burodi, da ya sake takawa sai ya kama. Ya yi niyyar gaya wa Malam Sanda in ya dawo. A gangaren ya taka har ƙasa, ya sake, ya sake, babu komai. Ya ja birkin hannu, motar ta juya gefe. Ya ce ya ga fuskar matar. Ya ce tana riƙe da matsami.

Hansai ta bar shi ya gama. Mutumin da ya san abin da ke cikin motar ba zai hau ta ya nufi gangare ba. Abin da ta ɗauka ta tafi da shi shi ne laushin nan. Iska ce a cikin bututu. Duk wanda ya ɗaura masta dole ya cire iska, kuma cire iska aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana takawa, ɗaya a ƙasa yana kwance noti yana ɗaurewa. Tun Aziza, 'yarsu, tana goye Hansai take zama a wannan kujerar, Malam na kiranta daga ƙarƙashin mota. Wanda ya yi musanyar nan shi kaɗai ne, kuma sauri yake.

* * *

Garejin Sharhabil inuwar mangwaro ce da gawarwakin motoci, ba nisa da inda Asabe take tuya. Har yanzu akwai baƙin tabo a wurin, da murhu a kife. Ya ga Hansai tun daga nesa, ya goge hannu, ya kawo mata kujerar mota da aka cire.

Ta tambaye shi abin da ya kai shi masallacinsu ranar Alhamis. Ya ce mahaifiyarsa ce ba lafiya, ya je Liman ya yi mata addu'a, in ba ta yarda ba ta tambaye shi. Ta ce za ta tambaya. Ta faɗa masa laushin birkin da Suhaib ya ji, ta ce kuma an ce ba ya ƙaunar Malam.

"Mama, ba na ƙaunarsa. Mutum yana cin fansho yana gyara kyauta, ni 'ya'yana su ci me? Amma Asabe ita ke ba ni awara kullum da safe. Kuma da ni na ɗaura, da na cire iska. Masu taka mini birki sun fi ƙarfin buƙatata."

Ba maganarsa ta saurara ba, kayan aikinsa ta duba. Filaya biyu, guduma, sifanu uku da bakinsu ya buɗe. Ta leƙa motar da yake kan yi: duk notin da ya taɓa ya cinye masa gefe. Wannan hannun bai taɓa motar gawa ba.

Da za ta tafi ta tambaye shi, a wannan ƙetaren kogin, Fijo irin wannan nawa suka rage a kan titi. Ya ce in an cire ta masallaci da ta Malam, sai ta wani tsohon likita a Doka, sai kuma ta Alhaji Datti.

"Surukinku," in ji shi, yana kallon wani wuri.

Ta je Doka. Ta san ɓata lokaci ne, amma ta je. Motar likitan tana kan duwatsu, ba tayoyi, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya. Ta tsaya tana kallonta fiye da yadda ya kamata, don daga nan babu sauran inda za ta sai wuri ɗaya.

* * *

Alhaji Datti abokin Malam ne tun suna samari a gidan haya ɗaya. Rana ɗaya suka sayi motocinsu, rana ɗaya suka sayi akwatin sifanu iri ɗaya. Ya kai babban matsayi a ma'aikata kafin ya yi ritaya, yana cikin kwamitin masallaci, kuma ɗansa Faruk ne ke auren Aziza, wadda a lokacin cikinta ya tsufa. Ranar da aka kama Malam shi ya fara zuwa jaje. Har da hawaye. Bayan gidansa yana kan lungun nan na ƙofar baya.

Ta je da hantsi, lokacin da ta san ya fita. Garejinsa a buɗe, daɓen siminti mai jan fenti irin na gidajen da. Shekara guda ke nan motarsa na ɗigar man birki. Malam ya canza mata roba har ya gaji, ya ce masa mastar ta gama, sai an sami wata. Fentin wurin ya cinye ya yi fari, kuma kullum akwai kwali a shimfiɗe yana tare ɗigon. Yau babu kwali. Wurin ya bushe ƙayau, ƙura ta hau, jerin tururuwa ya ratsa ta tsakiyarsa hankali kwance. Yoyon ya tashi daga gidan nan ya koma masallaci.

Duk da haka mutum yana iya sayen masta a kasuwa. Ta riƙe wannan a ranta kamar mai riƙe bango, ta yi sallama ta shiga.

Hajiya Sadiya, matar Alhaji, tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, tana shafa man zafi a gwiwa. Ta yi ƙoƙarin tashi, Hansai ta ce ta zauna. Suka gaisa, suka jajanta, aka yi maganar cikin Aziza. Sannan Hansai ta tambayi ƙafar.

Sadiya ta ce ai Alhaji ne da motarsa. Ranar Juma'a ya ce cikinsa na murɗawa ba zai iya zuwa masallaci ba, ya fita wai zai sayo magani, ya dawo da abu a ƙunshe cikin tsumma, sai ga mai ciwon ciki a ƙarƙashin mota. Ya sa ta zauna a kujerar direba, ita da ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba, don wai da safe zai tafi Zariya taron tsofaffin ɗalibai.

"Yaya Hansai, kin ga wahala? Danna, riƙe, saki. Danna, riƙe, saki. Har aka sauko daga masallaci ina abu ɗaya. Ke yaya kike yi duk shekarun nan?"

Tana dariya ta faɗa. Sai ta dubi fuskar Hansai. Dariyar ta tsaya, hannunta ya tsaya a kan gwiwa. Ba wawuya ba ce. Ba ta dai taɓa ajiye Juma'ar kusa da Asabar ɗin ta dube su tare ba. Rediyon maƙwabta na ta sanarwar ɗaurin aure.

"Aziza fa?" in ji Sadiya, da ƙyar ake ji.

"Asabe ma 'ya'ya gare ta," Hansai ta ce, ta tashi.

A hanya ta gane shirun Malam. Shi ya canza wa mastar nan roba da hannunsa. Kallo ɗaya ya isa. Ya auna kurkuku da auren 'yarsa da abotar ƙuruciya, ya zaɓi kurkuku, bai kuma ga dalilin shawara da ita ba.

* * *

Ranar Laraba bayan la'asar kwamiti ya zauna a zauren mai unguwa don a cire sunan Malam Sanda daga masu hidimar masallaci, a kuma san abin da za a ce wa dangin mamaciya. Akwai Liman Hassan, akwai Alhaji Datti da ya zo a motarsa ya ajiye ta a ƙofa, akwai Bilal mijin Asabe, tela, zaune a kusurwa. An kira Sharhabil don ya wanke kansa. Sufeton ma ya zo, ita ta je ta roƙe shi. Hansai ta tsaya daga bakin ƙofa ta nemi a ba ta dama. Aka dubi juna. Mai unguwa ya ce ta yi a taƙaice.

A taƙaicen ta yi. Ta faɗi ƙanƙantar tabon da ke rumfa, da ɗigon da ya nufi ƙofar baya, da yatsun da ke jikin fenti. Duk mai shakka ya je ya gani. Ta ce ba Suhaib ba ne, don ba ya neman kashe kansa. Ta ce ba Sharhabil ba ne, don bai iya kwance noti lafiya ba. Sharhabil ya buɗe baki, ya fasa. Ta ce an yi aikin ne lokacin Juma'a, sannan ta tambayi Liman wa ya kai shi babban masallaci ranar.

Liman ya ce keke ya hau. Alhaji Datti ne ke ɗaukarsa kullum, amma ranar ya aiko cewa ba shi da lafiya.

Alhaji Datti ya gyara babbar riga. Ya ce ciwo ba laifi ba ne. Ya ce yana tausaya wa Hajiya, amma baƙin ciki kan sa mutum ya ga abin da babu. Sufeton ya nemi ya buɗe gaban motarsa. Aka fita. Mastar tana nan tana ƙyalli a cikin tsohon inji kamar haƙorin Makka. Alhaji ya ce a Panteka ya saya, tun makonni. Liman ya ce, a hankali, kamar ba ya son jin muryarsa, ai Juma'ar da ta gabaci wannan sai da Alhaji ya taka birki sau biyu a kowace kwana, yana cewa an rasa masta a duk garin.

"Na ce saye na yi."

"To Alhaji," in ji Hansai, "wa ya taka maka birki da ka ɗaura? Kuma wace rana? In ka ce a kira Sadiya ta zo gaban mazan nan ta dafa Alƙur'ani, sai a kira ta. Ni dai ban so."

Ya dube ta. Ya dubi motar. Hannunsa yana kan murfin injin. Ya sauke murfin a hankali, yadda Malam yake cewa a riƙa yi don kada ƙugiya ta lalace.

"Aro na yi," ya ce. "Wallahi aro. Na ce in je Zariya in dawo, Juma'a mai zuwa in mayar. Tawa tana kamawa in an taka sau biyu, shekara guda ina hawa da ita. Na ce wa zai mutu cikin mako guda? Kuma ko an mutu, motar gawa ai ba ta gudu."

Can sai wani daga cikin kwamiti ya yi gyaran murya ya ce, to, tunda ba da niyya ba ne, wannan ai ƙaddara ce, kuma Alhaji mutum ne mai mutunci, a duba yadda za a yi sulhu a cikin gida. Kawuna suka fara gyaɗawa. Bakunan da suka kwana huɗu suna cewa ɓarawo, yanzu suka tuna da ƙaddara.

Bilal ya miƙe daga inda yake. Bai ɗaga murya ba.

"Ita ma Asabe ba gudu take ba," ya ce. "A zaune take."

Sufeton ya buɗe wa Alhaji ƙofar motar 'yan sanda.

* * *

An sako Malam Sanda washegari. Ba wanda ya zo ya ce masa yi haƙuri. An dai riƙa gaishe shi da ƙarfi fiye da da. Ita kuwa Hansai sai aka rage amsa mata sallama. A gidan suna ta ji ana cewa abin da maza za su kashe a zaure, mace ta kai shi kotu. Wai ko ba komai ai suruki ne. Kafin mako ya zagayo Faruk ya kawo Aziza da akwatinta, ya ce ta zauna a gida har ta haihu, daga nan a ga abin da hali zai yi. Bai shigo ya gaisa ba.

Malam bai yi mata faɗa ba, bai kuma yi mata godiya ba. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci, yana dawowa. Sau ɗaya kawai, yana kallon ƙofar ɗakin da Aziza take, ya ce ai da ya iya zaman kurkukun. Ta ce ta san zai iya, shi ya sa ba ta tambaye shi ba.

Wata safiya ta ji ƙarar sifana a tsakar gida. Ta leƙo daga madafa. Ya ɗaga tasu motar a kan jak, ya shige ƙarƙashi, kuma ya ɗauki taɓaryarta ya tokare birkin da ita a jikin kujera, don kada ya kira kowa. Ta tsaya tana kallon ƙafafunsa da suka fito waje, da tsohon silifas ɗinsa. Daga ɗaki tana jin Aziza na juyi a kan gado.

Ta goge hannu a zane. Ta buɗe ƙofar motar, ta zare taɓaryar ta jingine ta a bango, ta zauna, ta ɗora ƙafa. Gwiwarta ita ma ba ta da daɗi yanzu. Ƙarar sifana ta tsaya. Aka daɗe, har ta fara tunanin zai fito ya bar aikin.

Sannan daga ƙarƙashin motar, a muryar da ba ta huce ba, ya ce:

"Danna."